Babi na Huɗu: Minti 118 a Gaban Kwamfuta

Duk wanda ya kammala digirin farko, yake kuma hangen digiri na biyu ko na uku a Amurka, ba zai yi nisa da bincike ba zai ci karo da haruffa uku: GRE. Jarrabawa ce da jami'o'i ke auna masu neman gurbin karatun gaba da digiri da ita, kuma tsohuwa ce. A 1936 aka ƙirƙiro ta, lokacin da Gidauniyar Carnegie ta haɗa hannu da jami'o'in Harvard da Yale da Princeton da Columbia. Abin da ya dame su a lokacin shi ne, ɗalibai na zuwar musu daga kwalejoji barkatai, kowace da irin mudun da take awo da shi, ba a san yadda za a gwada sakamakon wannan da na wancan ba. A 1948 aka miƙa ragamarta ga hukumar ETS, wadda mazauninta ke kusa da garin Princeton a jihar New Jersey, ita ce kuma ke shirya ta har yau.

Wannan tsohuwar damuwa ita ce dalilin da ya sa jarrabawar ta shafe mu. Farfesan da ke zaune a kwamitin ɗaukar ɗalibai a wata jami'a a Ohio ko Texas bai san nauyin maki 4.3 cikin 5 daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ba. Bai san ko 14 cikin 20 daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai abin a jinjina ne ko abin a kawar da kai ba. Amma ya san abin da 163 ke nufi a lissafin GRE, domin awo ɗaya aka yi wa ɗan Kano da ɗan Mumbai da ɗan Boston. Ga ɗalibin da sunan makarantarsa ba ya buɗe masa ƙofa a can, wannan lamba tana iya yi masa magana a ɗakin da ba ya ciki.

Duk da haka, kafin ka sayi littafi ko ɗaya, ka tabbatar jarrabawar ta hau kanka, domin kwarjininta ya ragu ƙwarai. A 2017 mujallar PLOS ONE ta wallafa bincike biyu a kan ɗaliban digiri na uku a fannin kimiyyar halittu da lafiya, ɗaya daga Jami'ar Vanderbilt, ɗaya daga Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill. Dukansu sun nuna makin GRE bai bayyana wanda zai fi wallafa bincike ba. Na Vanderbilt ya ƙara da cewa bai nuna wanda zai kammala digirin ba, iyakarsa ya ɗan haska yadda sakamakon zangon farko zai kasance. Sassa da yawa suka fara ajiye ta. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe cibiyoyin jarrabawa, wasu ƙarin sassan suka dakatar da ita, da yawansu kuma ba su sake waiwayarta ba. Amma ba ta mutu ba. A fannin tattalin arziki, da wasu sassan injiniya da lissafi da nazarin manufofin gwamnati, har yanzu ana nemanta.

Saboda haka aikin farko na takarda da biro ne. Ka jera sassan da kake son nema, ka shiga shafin kowanne ka karanta sharuɗɗansa na bana. Sashe nake nufi, ba jami'a ba, domin a jami'a ɗaya sashen tattalin arziki zai iya wajabta ta, sashen ilimin halittu kuma ya ce ko ka aiko ba zai duba ba. Za ka tarar da matsayi uku: wajibi, ganin dama, da ba a karɓa. Na farko da na uku ba su da gardama. Na tsakiyar ne ke hana mutane barci, ga kuma ra'ayina a kai. Idan sakamakon digirinka na farko bai yi armashi ba, ko za ka sauya fanni, ko jami'arka ba sananniya ba ce a wurinsu, maki mai kyau zai taimake ka, ka zana. Idan kuwa kana da sakamako mai daraja ta ɗaya, da bincike da ka taɓa wallafawa, da malaman da za su rubuta maka shaida mai ƙarfi, watanni ukun da za ka kashe a GRE sun fi amfani wajen gyara takardar bayanin manufarka da rubuta wa malaman da kake son aiki a ƙarƙashinsu.

Batun kuɗi ma ba na wasa ba ne. A 2025 kuɗin zama ɗaya dala 220 ne a yawancin ƙasashe. A canjin 2025 wannan ya haura naira dubu 300, wato ya zarce albashin wata huɗu na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 a Najeriya. Mai niyyar Ingila ko Jamus galibi ba ya buƙatarta sam. Mai neman karatun kasuwanci yana da zaɓi tsakaninta da GMAT, wadda aka taƙaita ta a 2023 zuwa awa biyu da kwata. Kada kuma a rikita ta da TOEFL ko IELTS, waɗanda ke auna iya Turanci kawai, kuma sau da yawa ana neman ɗayansu ban da GRE. A ƙarshe, a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ba da biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, don haka ka binciki halin da ƙasarka ke ciki kafin ka saki kuɗinka. Makin yana aiki har shekara biyar, wannan ya ɗan rage fargaba, amma gara a san inda aka dosa. Ofishin EducationUSA da ke ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishin da ke Legas suna ba da shawara a kan duk waɗannan.

To, ka duba ka ga ta hau kanka. Me ke cikinta?

Tun daga 22 ga Satumba 2023 jarrabawar ta koma awa ɗaya da minti 58, bayan a da tana cin kusan awa huɗu. Wannan ya sa duk littafin shiri da aka buga kafin lokacin yana bayanin tsarin da babu shi yanzu. Tambayoyinsa suna da amfani, jadawalinsa ne ya tsufa. Da insha'i ake farawa, guda ɗaya, minti 30. Sai sashen harshe mai rukuni biyu: tambaya 12 a minti 18, da tambaya 15 a minti 23. Sashen lissafi ma rukuni biyu ne: tambaya 12 a minti 21, da tambaya 15 a minti 26. Babu hutu a tsakani. Makin harshe da na lissafi kowanne daga 130 yake farawa ya tsaya a 170, na insha'i kuma daga sifili zuwa 6, ana hawa rabi-rabi.

Akwai abu biyu a ginin jarrabawar da ya kamata su sauya yadda kake amsa ta. Na farko, kwamfutar tana lura da kai. Rukunin farko matsakaici ne ga kowa, yadda ka yi a cikinsa kuma shi ke zaɓa maka rukuni na biyu, ko mai sauƙi ko mai tsauri. Maki mai tsoka yana bayan mai tsaurin. Wanda ya yi sakaci da tambayoyi 12 na farko aka tura shi rukuni mai sauƙi, ko ya cinye shi duka akwai iyakar da ba zai wuce ba. Don haka idan ka ji rukuni na biyu ya yi maka nauyi, kada gabanka ya faɗi, alama ce ta ka yi abin kirki a na farko. Na biyu, ba a rage maki don an yi kuskure. Barin tambaya babu amsa asara ce tsagwaronta. A cikin rukuni ɗaya kana iya tsallake tambaya, ka sa mata alama, ka dawo mata, ka sauya amsa. Da zarar rukunin ya rufe, shi ke nan.

Yanzu ga shawarar da ɗalibai suka fi ƙi: kafin ka karanta komai, ka zauna ka yi cikakkiyar jarrabawar gwaji, da agogo, ba tashi. ETS tana da gwajinta na kyauta mai suna POWERPREP, wanda fuskarsa da tsarinsa irin na ainihin jarrabawar ne. Kusan kowa cewa yake, “Bari in ɗan shirya tukuna.” Na fahimci dalili, ba mai son ganin maki maras daɗi a gaban sunansa. Amma wanda bai san inda yake tsaye ba, abin da ya riga ya iya shi zai yi ta maimaitawa, domin shi ne mai daɗin karantawa. Injiniya zai shafe wata guda yana warware aljabara yana jin yana ƙoƙari, alhali sashen harshe ne zai kayar da shi. Ɗalibar adabi za ta yi ta tara kalmomi tana kauce wa lissafin da ta rabu da shi tun aji shida na sakandare. Makin gwajin farko ba wanda zai gani sai kai, shi ne kuma zai gaya maka ko wata biyu kake buƙata ko huɗu.

Babban abin da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan babi shi ne, GRE ba irin jarrabawar da muka saba ba ce. Tun daga WAEC da NECO da JAMB har zuwa jami'a, yawancinmu da hanya ɗaya muka tsallake: a samo littafin malami da tambayoyin shekarun baya, a haddace, a zuba a takarda. Hanyar ta yi aiki domin abin da aka koyar shi ake tambaya. A GRE babu manhajar da za ka haddace. Ilimin da ke cikinta kaɗan ne, mafi yawansa ma ka taɓa saninsa. Abin da take aunawa shi ne ko kana karanta abin da aka rubuta ko abin da kake zaton an rubuta, ko kana iya kafa hujja da abin da ke gabanka, ko kuma za ka iya yin haka agogo na gudu. Wannan ɗabi'a ce, kuma ɗabi'a da yi ake samunta. Awa goma na kallon bidiyon darasi ba su kai awa biyu na warware tambayoyi da bin diddigin kuskure ba.

A sashen harshe abin ya fi fitowa fili. Tambayoyinsa iri uku ne. Akwai karatu da fahimta, inda za a ba ka nassi, galibi sakin layi ɗaya, wani lokaci fiye, daga kimiyya ko tarihi ko adabi ko zamantakewa. Akwai cike gurbi, inda jimla ko ɗan sakin layi ke da gurbi ɗaya zuwa uku, kuma sai ka cike duka daidai za ka sami makin, babu rabi. Sai nau'i na uku: jimla mai gurbi ɗaya da kalmomi shida, ka zaɓi biyu da kowaccensu za ta cike gurbin ta kuma ba jimlar ma'ana iri ɗaya.

Mutane suna ganin waɗannan sai su ce ai jarrabawar kalmomi ce, su sauko da jerin kalma dubu uku su hau hadda. Kalmomi suna da muhimmanci, zan dawo kansu. Amma dubi wannan jimla da na gina da Hausa a kan salon nasu: “Duk da cewa shugaban kwamitin ya shahara da ……, a zaman jiya ya saurari kowa har ƙarshe, bai katse ko mutum ɗaya ba.” Ba ka buƙatar ganin zaɓi kafin ka san abin da ya dace. “Duk da cewa” ta sanar da kai abin da ke gurbin kishiyar abin da ya biyo baya ne, abin da ya biyo baya kuwa haƙurin sauraro ne, saboda haka gajen haƙuri ko katsalandan ake nema. Haka ake yi da Turancin. Ka rufe zaɓin da hannunka, ka nemo ƙananan kalmomin da ke juya akalar jimla, irin su although da despite da yet da moreover, ka faɗi taka kalmar ko da Hausa ce, sannan ka buɗe ka nemi wadda ta yi kusa da ita. Wanda ya fara da karanta zaɓin yana gwada su ɗaya bayan ɗaya yana sauraron wadda ta fi daɗi a kunne, ya faɗa ramin da aka haƙa masa, domin da gangan ake sa kalmomin da suka zauna daram a jimlar amma babu abin da ke goyon bayansu a cikinta.

Karatu da fahimta ma haka. Amsar da ke daidai ita ce wadda za ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya tabbatar da ita. Amsoshin ƙarya kuwa suna da kamanni da ake ganewa idan an saba. Wata gaskiya ce a duniya amma nassin bai faɗe ta ba. Wata ta ɗauki abin da marubuci ya ce “wasu lokuta” ta mayar da shi “kullum”. Wata ta kwaso kalmomin nassin sak ta juya ma'anarsu. Masu ilimi sun fi faɗawa tarkon farko: likita ya sami nassi a kan zazzaɓin cizon sauro sai ya amsa da abin da ya sani daga asibiti, alhali an tambaye shi abin da marubucin ya ce ne. Yana kuma da kyau a lura da muryoyi. Nassin GRE yana son kawo ra'ayin wasu masana a farko, ya shimfiɗa shi kamar ya yarda, sannan da kalma ɗaya ya juya ya soke shi. Idan ba ka rarrabe muryar marubuci da ta waɗanda yake ambato ba, rabin tambayoyin sun tafi.

Maganin wannan karatu ne na kullum, na rubutu mai nauyi wanda ba na fanninka ba. Mujallu irin su The Economist da Scientific American da The Atlantic suna da irin salon. Maƙala ɗaya a rana ta isa, da sharaɗin bayan kowane sakin layi ka tsaya ka faɗa wa kanka a jimla ɗaya abin da ya ce da kuma aikin da yake yi: hujja ce, misali ne, ko raddi. Da farko abin zai yi maka nauyi, musamman idan Turancinka na littafin darasi ne, ko kuma da Faransanci ka yi karatu. Bayan makonni za ka ji saurinka ya ƙaru.

Su kuwa kalmomi, 'yan ɗaruruwa da ka sani da gaske, da yadda ake sa su a jimla, sun fi dubbai da ka gani sau ɗaya. Ka kula da kalmomin da kake zaton ka sani, kamar qualify, wadda a irin wannan rubutu sau da yawa take nufin sassauta magana ko yi mata togiya. Yadda za a riƙe su kuwa, ba sai mun je nesa ba. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san ba a barin hadda ta kwana biyu babu tishi, ya kuma san tishi da ka ake yi, ba ana kallon allo ba. Binciken zamani ya zo ya tsaya a wuri ɗaya. A 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka nuna ɗaliban da suka rufe nassi suka yi ƙoƙarin tuno shi sun fi waɗanda suka yi ta sake karanta shi riƙewa bayan mako guda. Saboda haka ka yanka 'yan katuna, kalma a gaba, ma'ana da jimlar da ka gina da kanka a baya. Wadda ka ci ka jinkirta dawo mata, wadda ka faɗi ka dawo mata gobe. Manhajar Anki tana yin wannan lissafin da kanta a waya. Minti 20 kowace rana, ko a cikin Keke Napep ne, sun fi awa uku ranar Lahadi.

Lissafin GRE na sakandare ne: ƙidaya, aljabara, siffofi, da karanta jadawali da ƙididdiga. Babu kalkulas, babu tirigonometiri. ETS tana da littafin bita na kyauta a shafinta wanda ya tattara duk abin da ake tambaya. Akwai ɗan kalkuleta a fuskar kwamfutar, amma yawan taɓa shi ɓata lokaci ne, kuma galibi alama ce ta ka bi doguwar hanya. Minti 47 ga tambaya 27 ya kama minti ɗaya da daƙiƙa 44 kowace tambaya.

Wahalarsa a ina take ke nan? A cikin gaggawar mai amsawa. Ɗauki nau'in da ake ba ka adadi biyu a ce ka gwada: na farko ya fi, na biyu ya fi, daidai suke, ko bayanin bai isa a yanke hukunci ba. A ce x sau x ya ba da 16, a gwada x da 3. Hannu zai yi wuf ya ce x ai 4 ne, ya fi 3. Amma 4 na ƙasa da sifili ma idan aka ninka shi da kansa 16 yake bayarwa, shi kuwa bai kai 3 ba. Amsa ita ce bayanin bai isa ba. Ko a ce a gwada y da y sau y. Wanda ya gwada da 2 da 5 kawai zai rantse na biyun ya fi, ya manta da 1, inda suke daidai, da rabi, inda ninkin ya koma kwata. Ka mayar da shi al'ada: duk inda aka ba ka harafi ba a faɗi irinsa ba, ka gwada sifili, da ɗaya, da rabi, da lambar ƙasa da sifili, da wata babba. Haka kashi cikin ɗari. Kaya na naira dubu 50 ya tashi da kashi 20, sannan ya sauka da kashi 20, bai koma dubu 50 ba: ya hau dubu 60, ya sauko dubu 48. Zanen siffofi kuma ba lalle a yi shi bisa awo ba, kusurwar da ta yi kama da 90 ba 90 ba ce sai an faɗa.

A sani kuma, maki ɗaya ba daraja ɗaya yake da ita a sassan biyu ba. Masu zana jarrabawar da yawa daga fannin injiniya da kimiyya suke, suna kuma cin lissafi sosai, saboda haka 160 a harshe ya ɗaga ka sama da mafi yawan mutane, amma 160 a lissafi bai fitar da kai daga cikin taro ba. Mai neman tattalin arziki ko injiniya a babbar jami'a ya sa ido a kan 165 zuwa sama.

Duk wannan bai zama shiri ba sai da littafin kurakurai. Ka ware littafi guda. Duk tambayar da ka faɗi, da wadda ka ci da sa'a, da wadda ta ci maka fiye da minti uku, ka rubuta ta, ka kuma rubuta dalili da gaskiya. “Ban kula ba” ba dalili ba ne. Dalili shi ne: ban san ƙa'idar ba, ko na san ta amma na manta da lambobin ƙasa da sifili, ko an tambayi y na ba da x, ko ban ga kalmar except ba, ko na nace wa tambaya ɗaya har lokaci ya ƙure. Bayan mako biyu ka karanta littafin daga farko. Abin da kusan kowa ke gani shi ne kurakuransa ba su da yawa, uku ne ko huɗu suke ta dawowa da sabuwar riga. Waɗannan su ne manhajarka ta gaskiya, ba ta kuma yi kama da ta abokinka ba. Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da azuzuwan shiri masu tsada inda ake tara mutum talatin a koya musu abu ɗaya. Bitar gwaji ta cancanci lokaci fiye da gwajin kansa. Tambayoyin da ETS ta wallafa da kanta kuma su ne abin dogaro, musamman a sashen harshe, inda na kamfanonin shiri sau da yawa ba sa kama salon.

Insha'in ba ya buƙatar dogon bayani. Za a ba ka wata magana a kan ilimi ko mulki ko fasaha ko zamantakewa, da umarnin yadda za ka tattauna ta. ETS ta wallafa dukkan batutuwan da take zaɓa daga ciki a shafinta, ka karanta su. Ka ɗauki matsayi, ka kafa shi da misalai na zahiri, ka kawo hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren da ka saɓa wa ka amsa ta. Misali daga Najeriya ko Nijar ko Ghana karɓaɓɓe ne muddin ka yi bayaninsa yadda baƙo zai gane. Mutum ne ke dubawa tare da wata manhajar kwamfuta, idan sun saɓa a kawo mutum na biyu. Abin da ke kayar da namu a nan sau da yawa yatsu ne. Bugawa ake yi, babu mai gyara maka rubutun kalma, kuma wanda ya saba da biro ko latsa waya zai ga minti 30 sun ƙare yana sakin layi na biyu. Ka riƙa yin insha'i ɗaya ko biyu a mako a kan kwamfuta, da agogo.

Lokacin zama kuwa daga baya ake lissafo shi. Yawancin sassan digiri na uku a Amurka suna rufe karɓar takardu a Disamba ko farkon Janairu, don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba. Sakamako na hukuma yana fitowa kwana 8 zuwa 10 bayan zama. Ba a sake zama sai bayan kwana 21, kuma ba a wuce sau biyar cikin wata 12. Wanda ya zana a Agusta ko Satumba ya bar wa kansa sararin sakewa. Wanda ya bari sai ƙarshen Nuwamba harbi ɗaya gare shi. Ga mai aiki ko mai hidimar ƙasa, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a rana na wata uku tsari ne da ake iya riƙewa, da cikakken gwaji duk bayan mako biyu, a daidai lokacin da za ka zana ta gasken.

Akwai abin da ke hana mutum shiga ɗakin jarrabawa bayan duk wannan wahala, kuma ya fi shafar mu: suna. A Najeriya fasfo na tafiya ƙasashen waje ake nema a matsayin shaida, wanda bai ƙare aiki ba, kuma sunan da ka yi rajista da shi dole ya zama shi ne a fasfon, harafi da harafi. Mu kuwa mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a shaidar digiri, Muhammadu a katin banki. Wani sunan mahaifinsa ne sunan dangi a wata takarda, sunan garinsu a wata. Ka buɗe fasfonka ka ajiye a gabanka lokacin rajista, ka kwafa yadda yake. Idan ba ka da fasfo, shi za ka fara nema tun kafin littafi. Idan kuma wani uzuri ya taso, sauya rana sai da sauran aƙalla kwana huɗu, da ƙarin kuɗi.

Tun 2020 ana iya zana GRE a gida, wani yana sa ido ta kyamara. Ga wanda ke nesa da Abuja ko Legas wannan na da jan hankali, domin ya huta da kuɗin mota da masauki. Amma ka auna da kyau. Ana buƙatar kwamfuta, ba waya ba, da ɗaki a rufe wanda ba mai shigowa, da intanet da wuta da ba za su yanke ba na awa biyu. Ba a yarda da takarda ta yau da kullum ba, sai ɗan farin allo ko takarda a cikin leda da ake gogewa. A gidan da yara ke kai da kawo, ko unguwar da wuta ba ta da tabbas, ni cibiya zan ba da shawara. 'Yan'uwa mata su lura da wani sharaɗi na zaman gida: an yarda da lulluɓin addini, amma ana so kunnuwa su kasance a bayyane har a gama. Wadda hakan zai dame ta, ta karanta ƙa'idojin tufafi na gida da na cibiya tun kafin ta biya, ta zaɓi wanda hankalinta ya kwanta da shi.

Zaman gida ya kuma buɗe kasuwar masu cewa za su zana maka ko su turo maka amsa. Ka nisance su. ETS tana soke makin da ta yi shakka a kansa, tana iya hana mutum sake zama. Ko an tsira daga wannan, ha'inci ne, kuma wanda ya shiga ajin digiri na uku da makin da ba nasa ba, karatun da kansa zai tona shi a zangon farko.

Da ka amsa tambaya ta ƙarshe, kwamfutar za ta tambaye ka ko a ajiye sakamakon ko a soke shi, tun kafin ka gan shi. Ka ce a ajiye. Gajiya da fargaba suna sa kusan kowa ya ji ya faɗi, musamman wanda aka tura rukuni mai tsauri, kuma tsarin ETS ya ba ka damar zaɓar zaman da za ka aika wa jami'o'i cikin waɗanda ka yi a shekara biyar. Nan take za ka ga makin harshe da na lissafi, na insha'i sai daga baya. Sannan za a ba ka damar aika sakamakon kyauta zuwa wurare huɗu, bayan su kowane ƙari da kuɗinsa, don haka ka shiga da sunayen huɗun a kanka. Idan makin ya yi daidai da abin da ka saba samu a gwaji, ya kuma kai abin da sassan da ka jera ke nema, ka rufe wannan shafi ka koma kan takardar bayanin manufa, wadda ita ce batun babi na gaba. Idan ya gaza makin gwajinka da maki huɗu ko biyar, wani abu ne ya faru a ranar, sake zama bayan makonni uku ko huɗu yana da hujja. Idan kuwa shi ne makin da ka saba samu amma bai kai ba, kwana 21 ba za su sauya shi ba. Sai ka koma wa littafin kurakuranka na wata ɗaya ko biyu, ko ka ƙara wa jerinka sassan da ba sa neman jarrabawar.